Aiki da Godiya: Nasiha ga Matasan Ƙaura, Shinkafi da Zurmi



Ku saurari gaisuwar da muke yi kowace safiya. In ka ce wa manomi ina aiki, sai ya ce da godiya. Ka tambayi ɗan kasuwa yaya kasuwa, ko tun safe bai kama sisi ba, zai ce an gode Allah. Ka ce yaya ruwa, a ce maka ya yi gyara, ko da daren jiya ya kayar da katanga. Kakanninmu sun dasa godiya a cikin gaisuwa don kada rana ta faɗi bakin mutum bai furta ta ba. Har yau bakinmu yana faɗa. Abin da ke damuna shi ne ido ya daina bin baki. Muna cewa "da godiya" alhali ido yana kan wayar da ke hannun mai gaishe mu, zuciya kuma tana lissafin ranar da za mu riƙe irinta.

Kwanakin baya na zauna a rumfar wani mai gyaran waya kusa da tasha a Ƙauran Namoda, ina jiran a sauya mini gilashin tawa da ya tsage. Sai ga wani saurayi ɗan kabu-kabu, bai fi shekara ashirin ba, ya kafe babur ya shigo yana share gumi. Ya ajiye wayarsa a tebur ya ce musaya yake so, zai yi ciko. Mai rumfar, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ya kunna ta, ya gwada sauti, ya duba batir.

"Ƙanena, mi ta yi maka, wagga? Ai lafiyarta lau."

"Ba ta yi komai ba, yaya. Yayinta ne ya wuce. A majalisarmu ni kaɗai na rage da irinta."

Aka ɗauko masa wadda yake so. Na lura bai fara duba fuskarta ba, inda zai riƙa karatu da kira. Bayanta ya juya, ya ƙirga idanun kyamara, ya shafa tambarin da babban yatsa. Bayan waya kuwa mai ita ba ya ganinsa, mutane yake fuskanta. Cikon da aka yanka masa ya kai abin da zai tara a wata biyu yana bin hanyoyin da kowa ya san hatsarinsu. Ya ce zai roƙi uwar adashi ta ba shi kwasar wannan watan, sauran kuma akwai ragon da innarsa ta turke.

Ban tashi daga rumfar nan ina jin haushinsa ba, tausayinsa na ji. Yaron kirki ne mai neman na kansa. Cutar da ta kama shi ta kama da yawa daga cikinmu, manya da yara: saye don idon mutane, saye don kada a raina ka, sayen abin da jiya ba ka san kana buƙatarsa ba sai da ka gan shi a hannun wani.

Kada ku ɗauka a kanku aka fara. Layin dogo ya iso Ƙaura a 1929, daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, a nan kuma ya tsaya. Gyaɗa da auduga daga ƙauyukan Zurmi da Moriki da Shinkafi suka riƙa kwararowa a kan jakuna da raƙuma zuwa bakin sikeli. Jirgin da ya tafi da gyaɗa kuma ba ya dawowa fanko. Yakan zo da atamfa da akoko, da sukari, da fitilar ƙwai, da kwanonin jere, da keke. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya sha ba mu labarin mutanen da kan karɓi kuɗin gyaɗarsu da hantsi, kafin la'asar kuɗin sun koma kantin waɗanda suka auna gyaɗar. In bazara ta yi nisa sai ka gan su suna neman bashin hatsi a wurin maƙwabcin da ya yi haƙuri da tsohuwar rigarsa ya cika rumbu.

Na ga irin wannan da idona ina yaro. A 1974 kwamitin Udoji ya kawo shawarar ƙarin albashi, gwamnatin Janar Gowon ta biya ma'aikata har da ariyas. Gari ya cika da sababbin babura da rediyo mai kaset, farashin kaya kuma ya bi su da gudu. A daidai lokacin ne noman gyaɗa ke mutuwa, bayan farin 1973 da cutar da ta cinye gonakinta a 1975. Ba a yi shekara goma ba gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu a 1982, sannan tsarin sauya fasalin tattalin arziki, wato SAP, na 1986 ya zo ya karya darajar naira. Cikin waɗanda na sani, wanda ya sa kuɗin Udoji a gona ko shanun huɗa, jikokinsa na cin moriya har yau. Baburan kuwa ko ƙarfensu ba a gani.

Bambancin zamaninku guda ne, amma babba ne. Kantin da ya cinye kuɗin kakanninku yana da ƙofa, in magariba ta yi a rufe, kuma sai ka yi tafiya kafin ka kai gare shi. Naku kantin yana cikin aljihu, yana kwana ƙarƙashin matashin kai. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa Facebook ba ya karɓar kuɗin shiga? Kusan dukkan kuɗin da kamfaninsa ke samu daga talla suke fitowa. Yana lura da hoton da ka tsaya a kai, da bidiyon da ka maimaita, gobe ya ƙaro maka irinsa. Haka TikTok. Masu ƙera waya kuma ba sa jiran taka ta lalace. Tun da iPhone ta fito a 2007 kowace shekara sai an fitar da sabuwa, su Tecno da Infinix ma haka suke yi. Ribarsu tana cikin ka raina abin da ke hannunka. Mutumin da ya wadatu da nasa ba ya kawo musu ciniki.

Da can budurwa a Shinkafi da sa'o'inta na unguwa take auna kanta, duk kuma ta san abin da ake dafawa a gidajensu. Yau da amaren Abuja da masu yawon Dubai take gwada kanta, tana zaune a tsakar gidan ubanta. Ba ta ganin bashin da ke bayan hoton, ba ta san leshin na aro ne ba, ba ta san motar ta haya ce ba. Ganin kitse ake yi wa rogo. Daga nan zuciya ta fara ƙuna, abincin gida ya daina daɗi, saurayin da ke da sana'a da mutunci ya koma ƙarami a idonta. Shi ma saurayin in ya ga halal tana tafiyar hawainiya sai ya nemi gajeriyar hanya: cacar ƙwallo a waya, manhajar bashi mai kunyata mutum a wurin duk wanda lambarsa ke cikin wayarsa, ko masu alkawarin ninka kuɗi. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016. CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Sunan ne kawai ke sauyawa, ƙugiyar ɗaya ce, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala.

To, in saye na kashe wannan ƙishirwa, da na ce ku saya ku huta. Amma ku tuna kayan Sallarku na bara. Ku tuna zirga-zirgar da kuka yi wurin tela, da daren jajibere da kuka kasa barci. Ranar idi kun ji kamar ba a taɓa ɗinka irinsu ba. Bayan wanki uku fa? Sun shiga cikin sauran kaya, ido ya tashi ya koma kan wani yadin. Haka Allah ya yi zuciyar ɗan Adam, tana saurin sabo da abin da ta samu. Mai neman ƙosar da ita da saye kamar mai awo ne da mudun da gindinsa ya huje, komai ya zuba ba ya cika. Godiya ita ce toshe hujin. Aikinta ta dawo maka da ɗanɗanon abin da sabo ya dusashe. Masana halayyar ɗan Adam ma sun gwada haka. A wani bincike da suka wallafa a 2003, Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka sun sa wasu ɗalibai rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako goma, masu ƙirga ni'ima sun fi jin daɗin rayuwarsu. Malaman zaure sun riga su faɗa mana: a sha'anin duniya ka dubi na ƙasa da kai, a sha'anin ilimi da ibada ka dubi na sama.

Mu mutanen wannan yanki an koya mana darasin nan da zafi. A farkon Satumban 2021, saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa har daga Nijar, ta yi tsit. Gusau ta samu nata layin bayan kusan wata guda, mu kuwa sai da muka ƙara jira. A waɗancan makonnin waya mai ido uku da ƙaramar mai tocila duk ɗaya suka koma. Mutane suka dawo rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha. Ku da kuka ga lokacin, ku faɗi gaskiya: me kuka yi kewa? Na san uwar da ta yi makonni ba ta ji muryar ɗanta da ke karatu a wata jiha ba. Da layi ya dawo ta ji ya ce "Inna, ni ne," kuka ta fashe da shi, kuma a tsohuwar waya mai ɗaure da roba ta ji shi. Ni'imar tana cikin muryar. Shekaru muna da ita a hannu ba mu taɓa ƙirga ta ba.

Ku dubi kuma 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da daddare, wasu suna kwana a makarantu da kangaye, wasu sun tsallaka har jihar Maraɗi. Ku zauna da ɗaya daga cikinsu ku tambaye shi burinsa. Zai ce ya kwana a ɗakinsa ba fargaba, ya je gonarsa ba tare da ya biya kowa kuɗin izini ba, ya ga hayaƙin tuwo na tashi a gidansa. Abin da yake roƙo da hawaye, kai da ka tashi da shi yau da safe ko kallonsa ba ka yi ba.

Malamanmu sun ce godiya ƙafa uku take tsayawa a kai, kamar tukunya a murhu: zuciya ta san ni'imar, harshe ya faɗe ta, gaɓoɓi su yi aiki da ita. Ta harshe mun iya. Sauran biyun nake so mu koya.

Ta zuciya tana farawa da ƙirga. Kafin ka kwanta, ajiye waya nesa da hannu, ka lissafa abin da ka samu a yinin, da sunansa. Kada ka ce "komai da komai," wannan ba lissafi ba ne. Ka ce: na dawo daga hanyar Zurmi lafiya, Baba ya ci abinci yau, an biya ni kuɗin ɗinkin nan. Sa'an nan ka bi sawun abu guda zuwa hannayen da suka kawo maka shi. Tuwon da ka ci, wani ya yi huɗa yana waige, wata ta surfa ta bakace, wata ta tsuguna gaban wuta hayaƙi na cika mata ido. In ka ga hannayen nan, da wuya ka ture kwanon ka ce kullum tuwo. Ka tashi ka je ka ce mata, "Inna, sannu da aiki, Allah ya saka." Yaba kyauta tukuici.

Ta gaɓoɓi kuma ita ce riƙon abu da daraja. Kakata tana da wata ƙwarya ta dama fura da ta tsage tun ban yi wayo ba. Ba ta yar ba. Ta kai wa mai ɗinkin ƙwarya ya ɗinke ta da kyau, ɗinkin ya bi tsagar kamar tafiyar tururuwa, ta ƙara shekaru tana aiki har ta yi baƙi tana sheƙi don shafar hannu. Ba rashin kuɗin sabuwa ba ne, ƙwarya nawa take a lokacin? Cewa take yi wadda ta shayar da 'ya'yanta ba ta cancanci juji ba. Wanke babur da sauya masa baƙin mai a kan lokaci godiya ce. Kai takalmi wurin mai gyara godiya ce. Haka fitar da hakkin wasu. Manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa, in amfanin ya kai nisabi, dami ɗaya cikin goma yake warewa na zakka tun a bakin gona. Hannun da ya saba bayarwa yana koya wa zuciya cewa tana da abin da ya isa har ya yi saura, kuma zuciyar da ta san haka talla ba ta cika rinjayarta ba.

Ga wata dabara da na daɗe ina aiki da ita. In ranka ya biya wani abu da ba abinci ba, ba magani ba, ba kayan sana'a ba, ka ba shi kasuwa guda. Ka gan shi wannan Alhamis, ka bari sai Alhamis mai zuwa. Cikin kwana bakwai ɗin ka tambayi kanka: in babu wanda zai gan ni da shi, zan saya? Kwana nawa zan yi aiki kafin in biya? Wane ne zai rasa wani abu in na saya? Za ka yi mamakin yawan abubuwan da son su ke mutuwa kafin kasuwa ta zagayo. Wanda ya rage da rai bayan mako guda, kuma kuɗinsa naka ne ba na bashi ba, saya ka yi bismilla ka ji daɗinsa.

Sai maganar aure, inda cutar nan ta fi yi mana ɓarna. Ƙannena mata, na san nauyin ba a kanku kaɗai yake ba, iyaye da dangi da ƙawaye duk suna turawa. Amma ku sani akwatunan lefen da ake jerawa a ɗauka a waya, da ankon da ake canzawa kowane zama, da kayan ɗakin da uba ke sayar da gona ko saniyar tatsa don ya cika, duk a mako guda ake kallonsu. Masu guɗa su watse, bashi ya zauna da ku a ɗaki. Gidaje nawa muka gani rigimarsu ta farko ta taso daga kuɗin biki? Samari nawa suka haura talatin ba aure don tsoron lefe? Kayan aro ba ya rufe katara. Budurwar da ta ce wa iyayenta a rage akwati a saya mata keken ɗinki ta fi sa'o'inta hangen nesa. Ku kuma samari, kada ku je zance da babur ɗin aro da rigar aro ku gina mata gidan da ba ku da shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

A garuruwanmu ma akwai wani dalili da ya wuce na aljihu. Kowa ya san masu ɗaukar mutane ba sa shiga gida da ka, sai an nuna musu. Abin da ka baza a waya don abokai su yaba, ba abokai kaɗai ke gani ba. Mafi ciwo kuma, wanda ke kai rahoton maƙwabcinsa daji sau da yawa ɗan gari ne da aka saye da abin da bai taka kara ya karya ba. Zuciyar da ba ta gode wa kaɗan ba, ranar da aka yi mata tayin haram mai yawa ba ta da abin riƙewa.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Godiya ba ta ce ka naɗe hannu ba, ba ta kuma ce ka yi shiru a kan zalunci ba. Za ka gode wa Allah da ya kai ka Shinkafi lafiya, kuma ka tambayi waɗanda ka zaɓa me ya sa hanyar ta zama abin tsoro. Duk wanda ya ce maka ka yi godiya don ka daina neman hakkinka, wayo yake yi maka. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu, a wajen 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ya ga son dawaki da tufafi da mulki ya fara shiga zukatan jama'a. Da ya isa Kano bai zauna yana kuka ba, karantarwa ya yi, ya kuma rubuta wa masu mulki yadda ake riƙon jama'a da adalci. Gudun kwaɗayi da tsayawa kan gaskiya tare suke tafiya. Ku nemi arziki iya ƙarfinku. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana nan Ƙaura tun 1983, ku shiga ku koyi abin yi. Ku sayi injin ban ruwa, ku sayi fanel na sola, ku sayi wayar da za ta kawo muku ciniki. Abin da zai yi maka aiki daban, abin da kai za ka yi wa bauta daban.

Ƙannena, ba ku da iko a kan farashin fetur, ba ku da iko a kan abin da kamfanonin duniya za su ƙera baɗi. Amma kuna da iko a kan idonku da aljihunku. Yau da daddare ku ƙirga ni'ima biyar da sunayensu. Gobe ku gode wa mutum guda baki da baki. Abin da ya lalace ku gyara, abin da ranku ya biya ku ba shi kasuwa guda. In an ce muku ina aiki kuka ce da godiya, ku tabbata zuciya ta ji abin da baki ya faɗa.

Allah ya ba mu wadar zuci, ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da ƙasa baki ɗaya. Amin.